Bindigar da ta yi maka nauyi a ƙugu: amsa ga ɗan'uwanmu na Houston

Wasiƙar wannan makon daga Amurka ta zo. Ga abin da mai ita ya ce, a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 11 a Houston ta jihar Texas, ina da katin zama na dindindin, kuma ina riƙe da kanti a wani gidan mai. Shekara 3 da suka wuce wasu samari suka shigo da dare, suka ɗora mini bindiga a ka, suka kwashe cinikin ranar. Bayan nan na yi kwas, na karɓi lasisi, na sayi Beretta 92FS. To ina tsaye awa 10 zuwa 12 kullum, ta fara cinye mini ƙugu, cinyata ta dama har sagewa take yi. Yanzu na kan bar ta a mota. Ranar Juma'a kuma kaftani nake sawa da wando mai tazuge, ba inda zan rataya ta. Wani abokina ya ce in sayi Ruger LCP in jefa a aljihu in huta. Ina da yara 3 a gida. Me kake gani?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa, ya mayar da abin da aka rasa.

Kafin mu kai ga wacce za ka saya, a cire ta daga motar nan tun yau. Fasa gilashin mota na daga cikin manyan hanyoyin da bindigogin halal ke komawa hannun ɓarayi a biranen Amurka, kuma ɓarawon mota ba inda yake fara buɗewa sai akwatin gaban fasinja da ƙarƙashin kujera. Bindigar da ke mota kana cikin kanti ba ta tsare ka da komai ba, sai dai ta zama ajiyar da ka yi wa irin samarin da suka shigo maka. In dole ta taɓa zama a mota, a sami ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli da igiyar waya da ake ɗaurewa a ƙarfen kujera. In ba haka ba, ta zauna a gida a kulle har mu gama wannan magana.

Ba ka yi ƙarya ba da ka ce tana da nauyi. Beretta 92FS bindigar soja ce. Irinta ce rundunar Amurka ta ɗauka a 1985 da sunan M9, ta riƙe ta fiye da shekara 30. An ƙera ta ne don a rataya ta a waje, a kan ƙatuwar ɗamarar soja, kowa yana gani. Babu harsashi ma tana kusan giram 950, in ka cika ta da harsashi 15 ta haura kilo ɗaya da giram 100. Tsawonta ya kusa santimita 22, kaurinta ya kusa santimita 4. Ka ɗauki wannan ka cusa tsakanin wando da fata na awa 12, a zafin Houston mai gumi, ai jiki ba zai yi shiru ba.

Amma akwai abin da ba ka faɗa ba a wasiƙarka, kuma shi na fi son sani: da wane bel kake ɗaukarta, kuma a cikin wane kube? Na yi imani in na zo kantinka zan tarar da bel ɗin fata na kwalliya, irin wanda ake sawa da wandon ofis, da kuben yadi mai laushi wanda aka haɗa maka da shi ranar da ka saye ta. In haka ne, rabin ciwon nan ba na bindigar ba ne. Bel mai laushi lanƙwashewa yake yi a daidai inda nauyi yake, sai bindigar ta karkata waje, wandon ya zame ta gefe ɗaya. Kai kuma don kada ta faɗi sai ka ƙara matse bel ɗin rami ɗaya, gobe ka ƙara wani. Nauyin duka ya taru a wuri ɗaya kamar tafin hannu, matsin kuma ya zagaye ƙugun. Bel ɗin da aka yi don wannan aikin yana da tauri, ana sa masa roba mai ƙarfi a ciki ko a ninka fatar biyu, faɗinsa yawanci inci ɗaya da rabi. In ka riƙe shi a hannu ba ya langaɓewa. Shi yake raba nauyin ya zagaye ƙugu duka, yadda gammo yake raba nauyin tulu a kan mai ɗebo ruwa. Da shi ba ka buƙatar matsewa har numfashi ya ɗauke.

Kube kuma sharaɗinsa uku ne, ba a sassauta ko ɗaya. Ya rufe kunamar bindiga ruf, ta yadda yatsa ko gefen riga ko mabuɗi ba za su iya taɓa ta ba. Ya riƙe bindigar ko ka sunkuya ko ka yi gudu. Bakinsa kuma ya tsaya a buɗe bayan ka zare ta, don kada ka riƙa lalube da hannu biyu wajen mayarwa, domin wajen mayarwa ne mutane da yawa suke harbin cinyarsu. Mafi yawan masu ɗauka kullum suna amfani da wanda aka yi da roba mai tauri da ake kira Kydex, wanda ake gasawa a kan siffar bindiga guda tak. Kuben da aka rubuta wa "ya dace da kowace bindiga" bai dace da ko ɗaya ba. Ga gumin Houston kuma robar ta fi fata, don fata tana shan gumi ta yi laushi, ta jiƙa ƙarfe. Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake ƙara wa irin wannan kube waɗanda amfaninsu ya fi kuɗinsu nesa ba kusa ba: wani ɗan fiffike da ke tokare bel daga ciki ya juyo da mariƙin bindigar zuwa jiki, da ɗan matashin soso da ake mannawa a ƙasan kuben don kada bakinsa ya riƙa sukar nama. Bel da kube tare ba za su kai rabin kuɗin sabuwar bindiga ba. Da su za ka fara. Sai dai ba zan yaudare ka ba, ko da su Beretta ta yi girma ga mai tsayuwar awa 12. Za su rage maka wahala ne, kuma duk bindigar da ka saya daga baya za ta buƙaci bel ɗin.

To mu zo ga shawarar abokinka. Ruger LCP ta fito a 2008, nauyinta wajen giram 270, wato kusan nauyin babbar wayar hannu da rigarta. Tana cin harsashi 6 a gida da ɗaya a baki, na .380, wanda bai kai ƙarfin 9mm ba, wato irin harsashin Berettarka. A ɗauka babu kamarta, har mantawa kake yi tana aljihu. A harbi kuwa labari ya sha bamban. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, kwatankwacinsa yake turo bindiga baya. Bindiga mai nauyi tana shanye wannan shurin da jikinta, mara nauyi kuwa tafin hannunka take miƙa wa. Ga mariƙin gajere ne, yatsu biyu kawai ke samun wuri, ƙaramin yatsa yana lilo. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, saboda haka ɗan karkacewar da ba za ta dame ka a Beretta ba, a nan sai ta kai harsashi wani wuri dabam. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne abin da yake biyo baya: bindigar da ke cizon hannu ba a son zuwa filin harbi da ita. Mutum ya harba 20 ya ce ya isa, wata 6 bai koma ba. A ƙarshe yana yawo da abin da bai iya sarrafawa ba, a cikin kantin da akwai masu sayayya a tsaye da famfunan mai a waje. Duk harsashin da ya fita daga bakinta kai za a tambaya, a kotun duniya da ta lahira.

Haka ƙananan libarba masu jikin alminiyon suke, irin Smith & Wesson 642, mai harsashi 5 da nauyi wajen giram 420. Ba ta da rigima, ba ta cika cijewa ba, amma kunamarta tana da tauri da nisan ja, shurinta kuma ba wasa. Masu kantin bindiga suna yawan miƙa ta ga sababbin shiga da mata wai don sauƙi, alhali tana cikin waɗanda suka fi wuyar harbawa daidai.

Abin da kake nema yana tsakiya, kuma ka yi sa'a, don shekarun nan kasuwar ta cika da shi. Kafin 2018, in kana son siririyar bindiga 9mm sai ka haƙura da harsashi 6 ko 7, kamar Glock 43 ta 2015 ko Shield ta farko ta Smith & Wesson da ta fito a 2012. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fito da P365, wadda kaurinta bai wuce inci ɗaya ba sai da ɗan kaɗan, nauyinta wajen giram 500, amma tana cin 10. Sauran kamfanoni suka biyo sahu. A 2019 Glock ta kawo 43X da 48, duka masu cin 10, Springfield ta kawo Hellcat mai cin 11, a 2021 kuma Shield Plus ta fito. Kowace daga cikinsu, a cike da harsashi, tana tsakanin giram 600 da 750. Ka ga an zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin abin da kake ɗauka yanzu, kuma harsashin iri ɗaya ne da na Berettarka, ba sai ka sake sayen wani ba. Kada kowa ya ruɗe ka da cewa 9mm ya yi kaɗan. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da kanta ta bar harsashin .40 ta koma 9mm, ta ba Glock kwangila a 2016. In ka je kanti za ka ga an rubuta nauyin da oza, oza ɗaya giram 28 ce da ɗoriya, kuma adadin da suke rubutawa na bindigar da babu harsashi ne. Ka ƙara wajen giram 12 a kan kowane harsashi.

Cikin waɗannan, da ni ne kai, da 43X ko 48 zan fara gwadawa, ko P365 ɗin mai dogon mariƙi da ake kira XL. Dalilina shi ne hannunka ya saba da babban mariƙi, kuma waɗannan suna ba yatsu duka wurin zama. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: tsawon hanci, wato bututun da harsashi ke bi, ba shi ke tona asirin bindiga ba, don hancin yana kwance cikin wando. Mariƙi ne yake turo riga. Kauri kuma shi yake cin ƙugu, ya ma fi nauyi cin sa. Har ma bindiga mai ɗan dogon hanci takan fi mai gajeren hanci zama daram, don ita mai gajeren hancin yawancin nauyinta yana saman bel, sai ta riƙa kifowa waje. Shi ya sa wasu suke sa gajeruwar bindiga a cikin kuben doguwa. Glock 19, wadda mutane da yawa za su ambata maka, bindiga ce mai kyau mai cin 15, amma a cike tana wajen giram 850 kuma tana da kauri. Daga Beretta zuwa gare ta sauƙi ne, sai dai ina jin ba zai ishe ka ba.

Akwai bambanci guda da dole ka sani kafin ka sauya. Berettarka tana da makullin kariya a gefe, kuma jan farko na kunamarta dogo ne mai tauri. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, jan kunamarta gajere ne kuma iri ɗaya kowane lokaci. Abin da ke tsakaninka da tsautsayi shi ne kube da tarbiyyar yatsanka. In ranka ya fi kwanciya da makulli, P365 da Shield Plus da Hellcat duka ana samun su da shi, sai ka nema.

Kada ka saya don na faɗa, ko don abokinka ya faɗa. Filayen koyon harbi a Houston suna ba da hayar bindigogi. Ka ware rana ɗaya ka karɓi 3 ko 4, har da LCP ɗin, don gani ya kori ji. Ma'aunin ma ka riga ka san shi, shi ne jarrabawar da ka ci kafin a ba ka lasisi: harsashi 50, wato 20 a yadi 3, 20 a yadi 7, 10 a yadi 15. Ka maimaita ta da kowacce, ka ajiye takardun ka jera su kusa da ta Beretta. Wadda ta fi sauƙin nauyi cikin waɗanda makinka bai zube da su ba, ita ce taka. Ka kuma duba ko kana iya jan murfin sama baya, wanda ake ja don ɗora harsashi, ba tare da kokawa ba, domin ƙananan bindigogi sifirin ɗinsu ya fi tauri. Bayan ka saya, kada ta hau ƙugunka sai ka harba ɗaruruwan harsashi da ita, ciki har da ainihin irin wanda za ka riƙa zubawa, ka tabbata ba ta cijewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura maganar Juma'a, wadda babu mai kantin bindiga a Texas da zai fahimce ta. Tazuge ba zai ɗauki rabin kilo ba, kada ma ka gwada. Soke ta a ƙugu babu kube kuwa, kamar yadda ake yi a fim, ganganci ne tsantsa. Jefa ta a aljihun kaftani tare da carbi da mabuɗai ya fi wannan muni. Aljihun gefe na kaftani lilo yake yi, in ka yi ruku'u ya yi gaba, in ka yi sujada ya bugi ƙasa, bakin bindigar kuma yana kallon wanda ke sahun baya ko na gefe. Akwai mafita ga mai sutura irin tamu. Ana yin ɗamara mai zaman kanta da ake ɗaurawa a jiki a ƙarƙashin wando, ba ruwanta da bel, kuben roba mai tauri yana manne da ita. Wadda aka fi sani sunanta Enigma, ta kamfanin PHLster. Akwai kuma ɗamarar ciki ta roba mai miƙewa, amma sai wadda aka haɗa wa kube mai tauri, ba mai aljihun yadi kawai ba. Ko kuma hanya mafi araha: ka aika wa telanka ya ɗinka maka wanduna biyu masu hancin bel, kaftani ya rufe, ba mai sani. Ka dai sani cewa doguwar riga tana ɓoyewa da kyau amma tana jinkirta zarowa, sai ka yi ta gwajin ɗage ta a gida da bindigar da ka duba sau biyu ka tabbata babu harsashi, harsasan ma suna wani ɗaki.

Shiga masallaci da ita kuma ba hukuncinka ba ne kai kaɗai. A dokar Texas, tun 2019 wuraren ibada kamar kowane wuri mai zaman kansa suke: masu wurin ne ke da ikon hanawa, ko da baki ko da allon sanarwa. Kai mai lasisi, allon da aka rubuta 30.06 shi ne ya hana ka shiga da ɓoyayyiya. Ka tambayi kwamitin masallacinku kai tsaye. In sun ce a'a, a'a ce. In sun yarda, ka tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Riƙe tsini a yau shi ne kube mai rufe kunama da bindigar da ba ta motsi in ka yi sujada. Wurin alwala da bayi su ne tarkon. A nan ake cirewa a ɗora a kan tanki ko taga "na minti ɗaya", a fita a manta, yaro ya shigo. Ka yi alwalarka daga gida, ko ka koyi yin ta ba tare da ka cire komai ba.

Wurin da za ka ɗaura ta a jiki, wannan sai ka gwada. Masu tsayuwa da yawa sukan ji daɗin gaba, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu, in tumbi bai hana ba. Wasu sun fi son bayan ƙashin ƙugu kaɗan. Tsakiyar baya ce kawai zan hana ka, domin in santsi ya kwashe ka a kantin ka faɗi rigingine, ƙarfe ne zai daki ƙashin bayanka. Duk inda ka zaɓa, walat da lasisin tuƙi su koma ɗaya gefen. Ka tuna Philando Castile, baƙar fata mai izinin ɗaukar bindiga, wanda ɗan sanda ya harbe a motarsa a Minnesota a 2016 bayan ya faɗa masa yana ɗauke da ita. In an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗa da baki cewa kana da lasisi kuma tana jikinka, kada hannu ya motsa sai an ce ka motsa.

Sagewar cinyar nan kuma kada ka jira sabuwar bindiga ta warkar da ita. Akwai wata jijiya da ke bi ta gaban ƙashin ƙugu ta sauka gefen cinya ta waje. Matsattsen bel yana danne ta, sai wurin ya riƙa sagewa ko zafi kamar ana tsira allura. Likitoci sun san wannan a jikin 'yan sanda da kafintoci masu ɗaura ɗamarar kayan aiki. Sau da yawa in an sassauta matsin yakan lafa, amma ciwon baya da ciwon sukari ma suna kawo irinsa, don haka ka je a duba ka.

Ga masu karatu a gida, wannan duka maganar Texas ce. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Kai ma ɗan'uwa, lasisinka ba ya aiki a jihohi irin su New York da New Jersey da Kalifoniya, balle a filin jirgin Kano. Jakar da kake zuwa filin harbi da ita kada ta taɓa zama jakar tafiya gida, domin harsashi ɗaya da ya maƙale a lungunta ya isa ya hana ka cin tuwon sallah da iyali.

Yaran nan 3 su ne dalilin da ya sa ƙaramar bindiga ta fi babba buƙatar tsaro. Ga idon yaro P365 ko LCP abin wasa ce, kuma hannunsa yana iya kai wa kunamarta, abin da zai yi masa wuya a Beretta. Dokar Texas ma tana hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai kai gare ta. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba ɓuya ba ne, yara sun fi ka sanin ɗakinka. Wuri biyu kawai take da su: jikinka, ko akwatin ƙarfe mai lamba da aka ɗaure da ƙusa. In ka shigo gida ka cire ta tare da kubenta gaba ɗaya, ba tare da ka zare ta ba, ka sa a akwatin kafin ka cire takalmi. Berettar kuma kada ka yi gaggawar sayarwa. A cire mata harsashi ta zauna a kulle, ka riƙa fita da ita filin harbi. In kuma ka yanke shawarar rabuwa da ita, ka kai wa dila mai lasisi ya karɓa a rage maka kuɗin sabuwar, kada ka sayar wa wani a bakin gidan mai don ya ce shi abokin abokinka ne.